James Paget, likitan da ya iya kallo

A manyan asibitocin duniya duka, har da na Yamai, akwai wani ciwon mama da likitoci suke kira da sunan mutum. Suna ce da shi ciwon Paget. Ana faɗin sunan Pajet. Mai sunan ya rasu tun shekarar 1899, amma har yau ƴan makarantar likita suna karanta abin da ya rubuta. Ga labarinsa.

1. Yaro mai tara ganyaye

An haifi James Paget ran 11 ga watan Janairu 1814, a Yarmouth, wani gari na bakin teku a gabashin Ingila. A lokacin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da rai. Sai bayan shekara uku ya rasu a Sakkwato.

Sunan uban James Samuel. Attajiri ne, yana da jiragen ruwa da gidan yin giya. Matarsa ta haifa masa ƴaƴa 17, amma da yawa sun rasu tun suna ƙanana. Yayyen James sun yi karatu a wata babbar makaranta ta birnin Landan. Da aka zo kan James, sai kasuwa ta juya wa uban baya. Dukiya ta ragu, bashi ya taru. Saboda haka James ya tsaya a ƙaramar makarantar garinsu.

Da farko ya so ya zama sojan ruwa, amma abin bai yiwu ba. A shekarar 1830, yana da shekara 16, aka kai shi wurin wani likitan garin mai suna Charles Costerton, don ya koyi aiki. Ya yi shekara huɗu da rabi yana haɗa magani, yana ɗaure miki, yana rubuta sunayen majinyata.

In ya tashi daga aiki, sai ya fita bayan gari da bakin teku yana tara ganyaye da ciyayi. Kowane tsiro ya samu, sai ya dube shi da kyau, ya busar da shi, ya nemi sunansa, ya rubuta inda ya tsiro. Ɗan uwansa Charles kuwa ƙwari yake tarawa. A 1834 su biyu suka buga wani ɗan littafi a kan tsirrai da tsuntsaye da kifaye da ƙwarin yankinsu. James yana da shekara 20. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a wurin ganyayen nan ne ya koyi duba abu a tsanake, ya bambanta shi da mai kama da shi, kuma ya rubuta abin da ya gani.

2. Tsutsa cikin tsoka

A watan Oktoba 1834 James ya tafi Landan, ya shiga makarantar likita ta asibitin Saint Bartholomew, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin birnin. A can ɗalibai suna koyon ginin jikin ɗan Adam ta hanyar buɗe gawa.

Wata rana, cikin watan Fabrairu 1835, ana aiki a kan gawar wani mutum ɗan ƙasar Italiya. Cikin tsokarsa akwai wasu ɗige-ɗige farare, ƙanana kamar tsabar yashi. Malamai da ɗalibai sun saba ganin irinsu. Suna cewa ɓarɓashin ƙashi ne, suna kuma jin haushinsu don suna dakusar da wuƙa. Ba wanda ya tsaya ya duba.

James ya tsaya. Ya ɗauki ɗan gilashinsa na duba ganye, ya kara a kan tsokar. Sai ya ga kamar akwai wani abu naɗe cikin kowane ɗigo. Asibitin ba shi da madubin likita a lokacin. James ya yanki ƴar tsoka, ya tafi babban gidan tarihi na Landan, inda wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya ba shi aron madubinsa. Da ya leƙa, sai ga ƴar tsutsa a nannaɗe cikin ƴar jaka. Ya zana ta, ya bayyana wa ƴan uwansa ɗalibai.

Wani babban malami, Richard Owen, shi ma aka kai masa tsokar. Shi ya raɗa wa tsutsar suna, shi ya buga bayaninta, yawancin yabon kuma ya tafi wurinsa. Yau an san tsutsar da sunan tirishin. Tana shiga jikin mutum in ya ci naman da bai dahu sosai ba, musamman naman alade. An kuma san cewa ɗalibin aji ɗaya ne ya fara ganin ta.

3. Shekarun talauci da alƙalami

A 1836 James ya ci jarrabawar zama likitan fiɗa. Amma a zamanin nan, mai son babban matsayi a asibiti sai ya biya kuɗi masu yawa ya zama yaron wani babban likita. James ba shi da kuɗin. Sai aka ba shi ƙaramin aiki: tsaron ɗakin ajiya na asibitin, inda ake adana sassan jiki masu cuta cikin kwalabe don koyar da ɗalibai.

Albashin kaɗan ne. Don ya cika, sai ya riƙa rubuta wa mujallun likitoci labarai, yana kuma fassara musu abin da aka buga a wasu ƙasashe. Ya iya faransanci, ya koya wa kansa jamusanci, domin a lokacin masanan Jamus ne a gaba wajen aiki da madubin likita. Harsunan nan suka buɗe masa ƙofar da take rufe ga yawancin abokan aikinsa.

Ya yi alkawarin aure da wata yarinya mai suna Lydia North a 1836, amma sai 1844 aka ɗaura, don rashin abin hannu. Duk da haka, shi da ƴan uwansa suka ɗauki bashin ubansu. Shekara da shekaru suna biya da kaɗan-kaɗan har suka gama.

A 1842 aka ba shi wani aiki mai nauyi. Wani tsohon likita, John Hunter, wanda ya rasu a 1793, ya bar tarin kwalabe masu sassan jiki, aka kuma yi ta ƙara wasu a kansu. Ana son a bayyana kowace kwalba cikin littafi. James ya yi shekara bakwai a kan aikin. Ya dubi sassa fiye da 3500, ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idarsa ita ce: ba ya rubuta komi sai abin da idonsa ya gani a cikin kwalbar. Da ya gama, likitoci kaɗan ne a Ingila suka kai shi sanin kamannin cuta a cikin jiki.

4. Mene ne ciwon daji?

Kafin a ci gaba da labarin, ya kamata a san cutar da ake magana a kanta.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana rabuwa biyu in jiki yana bukatar sabuwa, tana kuma tsayawa in bukata ta biya. Haka yaro yake girma, haka miki yake warkewa.

Wani lokaci wata ƙwaya takan lalace, ta ƙi tsayawa. Sai ta yi ta rabuwa, ƴaƴanta su ma su yi ta rabuwa, har su zama ƙari. Akwai ƙari mai zama wuri ɗaya, ba ya cin naman da ke kewaye da shi. Akwai kuma mugun ƙari, mai kutsawa cikin naman maƙwabta, mai aika ƙwayoyinsa zuwa wasu sassan jiki. Wannan na biyun shi ne ciwon daji. Wasu suna ce da shi sankara, wasu kansa.

A zamanin ƙuruciyar Paget, likitoci da ido da hannu kawai suke rarrabe ƙari. A 1838 wani masanin Jamus, Johannes Müller, ya nuna cewa ƙari ma da ƙwayoyin halitta aka yi shi. Paget ya karanta, ya ɗauki hanyar. Daga 1847 zuwa 1852 ya yi ta ba da laccoci a babbar majalisar likitocin fiɗa ta Ingila. A 1853 ya tara su ya buga cikin littafi mai juzu'i biyu. A shekarar nan ce matafiyin nan Heinrich Barth ya iso Sayi, ya ƙetare kogin Isa.

Juzu'i na biyu duka a kan ƙari yake. Paget ya jera irin-irin ƙari, ya faɗi yadda kowane yake a ido, yadda yake a hannu, yadda yake a madubi, da abin da yake faruwa da majinyaci daga baya. Ya yi dogon bayani a kan ciwon daji na mama. Ya bi labarin matan da aka yi wa aiki, ya ƙirga watannin da suka rayu. Abin da ya samu ba mai daɗi ba ne: ciwon yana dawowa ga kusan dukansu. Bai ɓoye ba, ya rubuta shi yadda yake. An karanta littafin a Turai da Amurka, aka sake buga shi sau da yawa. Saboda wannan aiki ake lissafa Paget tare da abokinsa Rudolf Virchow na Jamus cikin waɗanda suka kafa ilimin binciken cuta na zamani.

5. Takarda mai shafi uku

Sannu a hankali sunan Paget ya fito. A 1858 aka naɗa shi cikin likitocin Sarauniya Biktoriya. A 1861 ya zama cikakken likitan fiɗa a asibitinsa. Majinyata suka yi ta zuwa gidansa daga ko'ina. Kowane ya zo, sai ya rubuta abin da ya gani, ya ajiye.

A 1871 yana binciken wata gawa, sai guba ta shiga jininsa. Ya yi jinya mai tsanani, har aka fid da rai. Da ya tashi, ya bar aikin asibitin, amma bai bar duba majinyata da rubutu ba.

Cikin takardunsa ya lura da wani abu da yake maimaita kansa. Mata wajen 15, masu shekara 40 zuwa 60 ko fiye, sun zo masa da ciwo iri ɗaya. Fatar kan mama da kewayensa ta yi ja, ta saɓule kamar ɗanyen miki. Tana fitar da wani ruwa mai yauƙi, tana ƙaiƙayi, tana zafi. Wanda duk ya gani zai ce kirci ne ko wani ciwon fata. Amma an shafa magani iri-iri, bai warke ba.

Ba nan abin ya tsaya ba. Duk matan da ya iya bin labarinsu, ciwon daji ya bayyana a cikin maman nan, yawanci kafin shekara guda, in ya daɗe shekara biyu. Ya kuma lura cewa ƙarin ba a kan fatar mai ciwo yake fitowa ba. A can cikin mama yake, tsakaninsa da fatar akwai nama mai kama da lafiyayye.

A 1874 Paget ya buga wannan bayani cikin mujallar asibitin Saint Bartholomew. Takardar shafi uku ce kawai. Kafin shi wasu likitoci sun ga irin wannan miki a kan mama, amma shi ne ya nuna a fili cewa mikin da ciwon daji tafiyarsu ɗaya. Daga nan likitoci suka gane cewa ɗan mikin da ake rainawa yana iya zama ɗan aiken babbar cuta. Ba a daɗe ba aka fara kiran ciwon da sunansa.

Bayan shekara uku, a 1877, ya buga bayanin wani ciwon ƙashi da yake sa ƙasusuwa su yi kauri su lanƙwashe. Ya bi mutum ɗaya mai ciwon har shekara wajen 20 kafin ya rubuta. Shi ma ana ce da shi ciwon Paget, amma na ƙashi. Ciwo biyu ne dabam, kada a haɗa su.

6. Inda ya yi kuskure

Paget ya ga abin da yake faruwa daidai, amma dalilin da ya zata ba daidai ba ne. A ganinsa, ciwon fatar ne yake farawa, sa'an nan daɗewarsa ta jawo ciwon daji a ƙarƙashi. Bai kuma bayyana yadda fatar take a madubi ba.

Wasu suka ɗauki aikin daga inda ya tsaya. Henry Butlin, wani matashin likita na asibitinsu, ya duba irin wannan mama a madubi a 1876. George Thin ya sake dubawa a 1881. A 1904 wani likita, Jacobaeus, ya kawo bayanin da yawancin masana suka yarda da shi har yau.

Ga yadda abin yake. Cikin mama akwai ƙananan hanyoyi da ruwan nono yake bi ya fito ta kan mama, kamar yadda ƙoramu suke gangarowa su haɗu a kogi. Yawancin ciwon daji na mama cikin hanyoyin nan yake farawa. Wani lokaci mugayen ƙwayoyin sukan bi hanyar su hauro har fatar kan mama, su zauna cikinta. Su ne suke sa mikin. Ke nan cutar ta riga mikin zuwa; mikin alama ce ta abin da yake ɓoye. A madubi ƙwayoyin manya ne, masu haske, sun bambanta da na fata. Ana ce da su ƙwayoyin Paget, ko da yake ba shi ya fara ganin su ba.

Kuskuren bai rage darajar takardarsa ba. Ya raba abin da ya gani da abin da ya zata, ya rubuta kowane a wurinsa. Shi ya sa na bayansa suka iya gyara zaton, suka riƙe ganin.

7. Iri da ƙasa

Paget yana da ɗa mai suna Stephen, wanda aka haifa a 1855. Shi ma likitan fiɗa ya zama, ya kuma gaji halin ubansa na ƙirga da rubutu.

Tambayar da ta dami Stephen ita ce: in ciwon daji ya tashi daga mama, ina yake zuwa? Wasu suna cewa jini ne yake kwasar ƙwayoyin, ya zubar da su duk inda ya ga dama. Stephen ya tattara bayanin gawar mata 735 da ciwon daji na mama ya kashe. Ya tarar cutar ta kama hanta a mata 241, amma saifa a mata 17 kawai, alhali ita ma saifa jini mai yawa yake ratsa ta. Ya kuma ga cutar tana son wasu ƙasusuwa fiye da wasu.

A 1889 ya buga sakamakon cikin mujallar The Lancet. Ya kwatanta ƙwayar cutar da iri, sassan jiki kuma da ƙasar noma. Kowane ɗan manomi zai gane misalin. Iska tana iya watsa iri ko'ina, amma ba ko'ina yake tsirowa ba. Hatsi yana son jigawa, shinkafa tana son fadamar bakin kogi. Haka ƙwayar ciwon daji: sai ta faɗa inda ya dace da ita take kamawa.

Masana da yawa ba su yarda ba. A 1928 wani babban masani na Amurka, James Ewing, ya ce hanyoyin jini kaɗai sun isa su bayyana abin. Sai a 1980 wasu masu bincike biyu, Hart da Fidler, suka yi gwaji a kan ɓeraye, suka nuna cewa Stephen yana da gaskiya. Yau an san hanyar jini tana da nata tasiri, ƙasar da irin ya faɗa ita ma tana da nata.

8. Malami da tsufansa

James Paget malami ne da ɗalibai suke so, don maganarsa a fili take. A 1869 ya yi wani bincike a kan ɗalibansa. Ya bi labarin 1000 daga cikinsu don ya ga abin da suka zama. Ya tarar 23 sun yi fice ƙwarai, 66 sun yi nasara babba, 507 sun samu abin rufin asiri, 56 kuma sun kasa gaba ɗaya. Sauran, wasu sun samu kaɗan, wasu sun bar aikin, wasu sun rasu. Abin da ya fahimta shi ne, halin da ɗalibi ya nuna a makaranta, yawanci shi yake bin sa har cikin aiki.

Girma ya zo masa daga baya. A 1871 sarauniya ta ba shi sarauta. A 1875 ya shugabanci majalisar likitocin fiɗa ta Ingila. A 1881 ya shugabanci babban taron likitocin duniya a Landan, inda Louis Pasteur na Faransa da Virchow da Robert Koch na Jamus suka halarta. Daga 1883 zuwa 1895 yana cikin shugabannin jami'ar Landan.

Matarsa Lydia ta rasu a 1895. Shi kuma ƙarfinsa ya yi ta raguwa, har ya rasu ran 30 ga watan Disamba 1899, saura kwana kaɗan ya cika shekara 86. A shekarar nan ce Sarauniya Mangu ta yi yaƙi da sojojin Faransa a Lugu, a shekarar nan kuma Faransawa suka shiga Damagaram.

9. Daga Landan zuwa Yamai

Ciwon daji na mama yana ko'ina. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano shi a jikin mata wajen miliyan 2 da dubu 300, ya kuma kashe wajen dubu 670. Maza ma yana kama su, amma da wuya: wajen mutum ɗaya cikin masu ciwon 100. Irin wanda Paget ya bayyana ba shi da yawa, bai wuce 1 zuwa 4 cikin 100 ba.

A Nijar an buɗe rajistar masu ciwon daji a 1992, a ɗakin binciken cuta na sashen koyon likita na jami'ar Abdu Mumuni. Mai tashi daga unguwar Kalley, in ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, ya kusa wurin. Aikin rajistar irin na Paget ne: a duba, a ƙirga, a rubuta. Ita ta nuna cewa a cikin matan da aka rubuta, ciwon daji na mama ya fi kowane yawa. A 2021 kuma aka fara jinya da haske mai ƙona ƙari a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, a Yamai.

Yau in likita ya ga ƙari ko mikin da bai yarda da shi ba, sai ya ɗebi ɗan nama kaɗan ya aika ɗakin bincike. A can a sa shi cikin magani don kada ya lalace, a daskarar da shi cikin kakin zuma na kanti, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa. Sa'an nan a rina shi, a ɗora a kan gilashi, masani ya duba a madubi. Shi zai faɗi ko ƙarin mugu ne, da kuma irinsa. Da amsarsa ake zaɓen magani: fiɗa, ko allurai, ko ƙwayoyi, ko haske.

A zamanin Paget magani kaɗan ne. Yanzu mata da yawa suna warkewa in an gano cutar da wuri. Babbar matsalar ƙasashenmu ita ce jinkiri. Kunya da tsoro da rashin kuɗi da nisan asibiti suna sa mace ta ɓoye ciwonta har ya yi nisa.

Ga alamun da bai kamata a raina ba: ƙullutu cikin mama ko cikin hammata, miki ko ɓawo a kan mama ɗaya wanda ya ƙi jin magani, jini ko wani ruwa da yake fita ba na shayarwa ba, kan mama ya shige ciki, fata ta yi ramu-ramu kamar ɓawon lemu. A baƙar fata jan ba ya fita sosai. Wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi ɓawo. Yawancin ƙullutun mama ba ciwon daji ba ne, amma likita kaɗai zai iya rarrabewa. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana cin abinci tare da mai ita, ana zama kusa da ita, ana taimakon ta.

Ɗan makarantar Kalley da ya karanta wannan labari yana iya karanta wa innarsa da gwaggonsa da kakarsa alamun nan. In ɗaya daga cikinsu ta ga wata alama, ta je gidan likita mafi kusa, ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi, ko babban asibitin Yamai, tun abin yana ƙarami.

Ma'anar kalmomi

Madubin likita: na'ura mai gilasai da take ƙara girman abin da ido ba ya gani.
Ƙwayar halitta: ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi.
Ƙari: kumburin da yake fitowa in ƙwayoyin halitta suka yi ta rabuwa ba tsayawa.
Likitan fiɗa: likitan da yake yin aiki da wuƙa.
Saifa: wani sashen jiki da yake cikin ciki, wajen hagu, mai tace jini.
Mujalla: littafin da yake fitowa lokaci-lokaci da sababbin rubuce-rubuce.
Rajista: babban littafin da ake rubuta sunaye da lissafi a ciki.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi James Paget, a wace shekara ya rasu?
2. Me ya koya wajen tara ganyaye?
3. Me ya sa shi ya ga tsutsar, sauran ba su gan ta ba?
4. Wane amfani harsunan waje suka yi masa?
5. Me ya lura da shi a jikin matan nan 15?
6. A ina ya yi kuskure? Su wa suka gyara?
7. Ku bayyana misalin iri da ƙasa da kalmominku.
8. Ku kawo alamu uku da ya kamata su kai mace asibiti.

Aiki

Lissafi: cikin mata 735, cutar ta kama hantar 241. Mata nawa ne ba ta kama hantarsu ba?

Kallo: kowane ɗalibi ya samo ganye biyu masu kama da juna, kamar na dogon yaro da na maɗaci. Ya dube su da kyau, ya zana su, ya rubuta bambanci biyar da idonsa ya gani.